An Ƙidaya Ƙuri'armu, Ba A Ƙidaya Matattunmu Ba

Jama'ar Kankiya da Kusada, ku saurara. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon a ƙasar Faransa, ta yi kiyasi cewa a shekarar 2020 maza fiye da 15,000 ne suka kamu da ciwon dajin mafitsara a Nijeriya, fiye da 8,000 kuma suka mutu. Ba wani ciwon daji da ya kai shi yawa a cikin mazan ƙasar nan.

To, daga ina aka samo wannan lissafi? Daga littattafan rajista na birane irin su Ibadan, inda aka fara rubutawa tun 1960, da Abuja da Kalaba. Dattijon Kusada da fitsari ya ƙi fita, ya sha saiwa don kunya, har ciwon ya bi ƙashin baya da ƙugu ya kwantar da shi, ba ya cikin littafin kowa. Ya rasu da safe, an kai shi kafin azahar, an ce ciwon tsufa ne.

A da an ƙidaya kakanninmu kai da kai don haraji, an ƙidaya shanunsu don jangali. Yau ana ƙidaya mu don ƙuri'a. Ranar ciwo kaɗai alƙalamin Gwamnati yake bushewa! Wanda ba a rubuta ba kuwa, ba a yanka masa kaso a kasafi.

Za su ce sun buɗe cibiyar ciwon daji a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina a 2025. Mun ji. Amma in ciwon ya kama ƙashi, likita sai dai ya sassauta. Abin da ke ceton rai shi ne a gano shi da wuri, farkon hanyar kuwa awon jini ne da duban likita.

Saboda haka muna neman abu uku. A riƙa yi wa maza 'yan shekara 50 zuwa sama wannan awo kyauta a babban asibitin Kankiya. A rubuta kowane mai ciwon daji, gunduma gunduma. A cika alkawarin Abuja na 2001, na ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi.

Wakilinmu na Kankiya da Ingawa da Kusada ya tashi a Majalisa ya faɗi haka. In ya yi shiru, mu ma mun iya ƙidaya ranar zaɓe.