Darajar Marsandi a birkinta take

Idan ana hirar motocin alfarma, sunan S-Class ta kamfanin Mercedes-Benz ne ke fara zuwa baki. Samfurin da ya fito a 2020 yana da kujerun fata masu yi wa mutum tausa, da tayoyin baya masu karkata har digiri 10 don motar ta juya a matsattsen wuri. Gangar jikinta kuwa kan iska take zaune maimakon sufirin ƙarfe. Duk wannan an yi shi ne domin shimfiɗaɗɗun titunan Jamus.

A ganina, wanda ya sayi irinta don ya riƙa zuwa gida Allakaye ya sayi wahala da kuɗinsa. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, alhali ƙasar Adar duwatsu ne da ƙoramu. Da damina, hanyoyin ƙauyukan Buza da Keita sai Hilux da Land Cruiser. In kuma kwamfutarta ta rikice, ba kowane gareji ne a Madawa ko Tawa zai iya taɓa ta ba.

Amma ba na tare da masu cewa motar ba ta shafi talaka ba. A jikinta aka fara sa na'urar ABS ta zamani a 1978, wadda ke hana taya cijewa idan aka taka birki da ƙarfi, direba ya samu damar kaucewa. A 1981 ta zo da jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari ta tare direba lokacin karo. A 1995 aka ƙara ESP, mai daidaita mota idan ta fara zamewa a kwana. Tun Nuwamban 2014 doka ta wajabta ESP a kan duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai. Abin da aka fara yi wa attajiri ya iso hannun kowa.

To ga inda gizo ke saƙa. Tsofaffin motocin da ke zo mana daga Turai ta Lome, da yawansu da ABS da jakar iska suke zuwa. Da zarar fitilar gargaɗi ta kama, sai mai mota ya ce a cire ƙwan ko a yanke wayar, don gyara da tsada. Washegari a loda mata mutane da buhunan albasa, ta hau babbar hanyar Madawa zuwa Ƙonni a guje.

Ina roƙon ƙungiyoyin direbobi su riƙa duba birki da tayoyi da bel kafin mota ta shiga layi a tasha. Ƴan uwanmu masu hali kuma, maimakon doguwar Marsandi da za ta kwana a gareji, su taimaka wa ƴaƴanmu su koyi gyaran wutar mota. Rigakafi ya fi magani.