Me Ya Sa Zazzaɓi Ɗaya Ke Kashe Ɗan Gafasa, Ya Bar Ɗan Birni?

Mai karatu, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa na kukan tsadar mota da ta magani. Sai dai tsadar ba ta kama kowa daidai ba, kuma a asibiti bambancin ya fi fitowa fili.

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama. A karkara kashi 72 cikin ɗari ne, a birni kashi 42. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuwa ya gano cewa a gidaje mafi talauci, yara 173 cikin 1,000 ke rasuwa kafin su cika shekara biyar, a gidaje mafi wadata kuma 53. Ƙasa ɗaya, sauro ɗaya.

Ka ɗauki Gafasa a ƙaramar hukumar Ajingi. Kuɗin manomi na zuwa ne da kaka. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ya fi ƙamari daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ya rage kuma ya tafi a taki da ƙwadago. Yaro ya fara zazzaɓi, sai a saya masa farasitamol a kemis, a jira. Ba don iyayen ba su damu ba ne, lissafi suke yi. Kwana uku ko huɗu, jininsa ya yi ƙasa ko ya fara jijjiga. Yanzu sai an nemi babur zuwa babban asibitin Gaya, idan abin ya gagara a bi ta Wudil zuwa Asibitin Murtala a Kano. Ciwon da maganin kwana uku zai kashe ya koma neman ledar jini, a sayar da akuya.

Ɗan ma'aikacin gwamnati fa? Ana cire wa mahaifinsa wani abu a albashi zuwa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, don haka ranar farko ake kai shi. A ganina nan gizo ke saƙa: wanda ke da albashi shi ne ke da inshora, wanda ba shi da tabbacin abincin gobe shi ke biya daga aljihu. Ko a cikin gida ma ba a raba daidai, domin mace mai naƙuda sau da yawa sai ta jira mai gida ya samo kuɗin mota.

Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa domin irin waɗannan gidaje. Idan kana da 'yan uwa a Gafasa, Toranke ko Balare, ka tura su asibitin mazaɓarsu su tambayi yadda ake rajista, su tafi da lambar katin ɗan ƙasa. Guraben ba su kai yawan mabuƙata ba, wannan kuma tambaya ce da ya kamata kansila da ɗan majalisa su amsa.

Kafin nan, kada a mayar da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kyauta gida-gida. Yaron da ya ƙi shan nono, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko ya fara jijjiga, a kai shi asibiti a ranar, ko da rance ne.