Darasin Tandja ga masu kaki

A Maine-Soroa ta jihar Diffa aka haifi Kanal Tandja Mamadou a 1938, can kuma aka binne shi a 2020. Yana cikin hafsoshin da suka kifar da Diori Hamani a 1974. Da ya tuɓe kaki, ƙuri'a ta ba shi mulki a 1999, sai tazarce ta jawo sojoji suka hamɓarar da shi a 2010.

Yau Janar Tiani na riƙe da wa'adin shekaru 5 tun Maris 2025, wanda ana iya tsawaitawa. Manoman tattasai na bakin Komadugu, da dokar ta-ɓaci ta ɗaure a 2015, tsaro suke jira. In aka sake fifita ƙarin wa'adi, sun riga sun ga ƙarshensa a kan ɗan jiharsu.