Shin Mu Daina Cin Naman Shanu Ne?

A darasin kimiyya malaminmu ya gaya mana cewa idan saniya ta yi gyatsa, tana fitar da wata iska mai suna metan, wadda ke ƙara ɗumamar yanayi. Ya ce a shekarar 2019 jami'ar Goldsmiths da ke Landan ta daina sayar da naman shanu a wuraren cin abincinta saboda wannan dalili.

Da muka ji haka, sai aji ya ɓarke da dariya. Mu nama nawa muke ci? A gidajen yawancinmu tsoka ɗaya ce a miya, wata rana ma babu, sai an jira suna ko Babbar Sallah. Kuma iyayen wasunmu mahauta ne, wasu masu tsire, wasu makiyaya. Da kuɗin naman nan ake saya mana littattafai. Don haka a ganinmu, daina cin nama ba shi ne maganin matsalarmu ba.

Amma dariya ba ta wanke mu daga laifi ba. Mu dubi ledar awara da ta ruwan sha da muke yarwa a bakin makaranta. Iska ce ke kwasarta zuwa bola da kwatocin Tudun Wada, inda shanu da awaki ke neman abinci. Idan saniya ta haɗiye leda, ba ta narkewa. Sai ta taru a tumbi, saniya ta rame, nono ya ragu, wani lokaci ma ta mutu. Mai shakka ya tambayi mahauci abin da yake tararwa idan ya farka tumbi.

Ga kuma babbaka ganda da tsohuwar taya. Baƙin hayaƙin nan mu ne muke shaƙa, gandar kuma a tukunyarmu take ƙarewa.

Shawararmu uku ce. 'Yan uwa ɗalibai, kowa ya jefa ledarsa a kwandon shara. Idan an aike mu sayen ganda, mu tambaya da me aka babbake ta. Malamanmu kuma, don Allah ku kai mu ziyara cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, mu ga yadda ake kiwo mai tsabta.

Ilimin da bai canza hali ba, a kan allo ya tsaya. Mu fara da ledar da ke hannunmu yau lokacin tara.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare