Mai son karatun likita ya fara gyara takardunsa

Duk shekara idan hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta saki sakamako, gidaje da yawa daga Sakkwato zuwa Maiduguri sukan yi jugum kamar an yi rashi. Yaron da tun yana firamare ake yi wa kirari da "Dakta" ya dawo da maki ɗari da casa'in da wani abu. Ko kuwa jarrabawar gama sakandare ta WAEC ta fito, komai ya yi kyau, sai Kemistiri ya zo da D7. Nan take shawarwari za su fara kwarara daga kawu da maƙwabci da malamin lesin, kuma kusan duka na gaggawa ne.

Ƙarancin maki ba shaidar daƙiƙanci ba ne. A 2024, kimanin kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka saki sakamakonsu ba su kai 200 cikin 400 ba, kuma 8,401 ne kacal suka samu 300 zuwa sama, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.8. Sai dai gurbin likitanci ba ya jin magiya. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. Inda dubbai ke neman kujerun da aka ƙidaya, wanda takardarsa ke da rauni shi ake fara ajiyewa.

Abin da ya kamata a fara yi, kuma shi ne ba a cika yi ba, shi ne a zauna da takardar sakamakon a ga inda ciwon yake. JAMB tana nuna makin kowane darasi daban. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40-40 na Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yarinyar da ta san karatunta amma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, lokaci ne ya cinye ta, kuma maganinta atisaye da agogo a gefe. Wanda ya gama sakandare a makarantar da ɗan bautar ƙasa ne kawai ya taɓa koyar da Fiziks, shi kuwa sai ya koma littafin aji huɗu ya taso daga tushe. Haddace tsofaffin tambayoyi ba zai fitar da shi ba.

Sai takardar sakandare. Ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓa ga mai neman likitanci sai a zama ɗaya. Don haka wanda ya sake rubuta Kemistiri kaɗai, da nufin ya haɗa da tsohuwar takarda, yana iya yin aikin baban giwa. Ya duba sharaɗin jami'ar da yake so kafin ya biya kuɗin rajista. WAEC tana shirya jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, NECO ma tana da tata.

Akwai kuma doguwar hanya, wadda ba abin kunya ba ce. Jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, da takwararta JUPEB, suna ba ɗalibi damar neman shiga aji biyu kai tsaye. Makarantun share fage irin ta Funtua sun daɗe suna ɗinke ɓarakar da sakandare ta bari. Mai digiri a fannin kimiyya da sakamako mai kyau ma yana iya nema. Amma guraben shiga kai tsaye kaɗan ne ƙwarai, kuma duk cibiyar da ta ce ta ba da tabbacin gurbi, kuɗi take nema.

Tarkon da ya fi kama iyaye shi ne, "Ya karɓi Bayoloji ɗin tukuna, idan ya shiga za a canja masa." Akan samu wanda aka canja wa, amma nawa ne? Yawanci sai yaro ya tsinci kansa a aji uku na kwas ɗin da bai taɓa so ba, yana karatu da rabin zuciya. Wanda ya fi wannan muni shi ne cibiyar da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Takardar za ta fito tsaf da A da B. To, a makarantar likitanci makin ci 50 ne, kuma akwai jarrabawar sassan jiki da aikinsu da ke jiran kowa kafin ya taka asibiti. A nan ake sallamar wanda aka rubuta wa Kemistiri, bayan ya ɓata shekara biyu ko uku.

Tura yaro waje ma ba ya goge rauni. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro a Afrilun 2023 sun sha wuya wajen neman inda za su ƙarasa, kuma duk wanda ya gama a ƙetare sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya.

Karatun likita shekara shida ne idan babu yajin aiki, ga shekarar horo a asibiti, ga bautar ƙasa. Iyayen da suka yarda da wannan dogon zango bai kamata su ji ƙyashin shekara ɗaya ta gyara ba. Su nema wa yaro malamin Fiziks da Kemistiri na gaske, su daina ƙirga masa sa'o'insa da suka riga shi shiga jami'a, su bar shi ya sake zama jarrabawar da kansa.