Majon da ya hana allura ba mugu ba ne

A ƙauyukan Bambeye, kamar sauran ƙasar Adar, da allura ake auna majo, wato ma'aikacin jinya. Wanda ya soka shi ne gwani. Wanda kuwa ya ɗora yaro a sikeli, ya ɗiga jininsa a kan ɗan katin gwaji, ya miƙo ƙwayoyi ya ce a ba shi safe da yamma har kwana uku, sai a fito ana gunaguni: ko bai san aiki ba, ko ya ɓoye maganin kirki don masu kuɗi. "Majo, a taimaka a yi masa ko guda ɗaya," haka uwaye ke roƙo, wani lokaci har da kaka a bayansu tana ƙara nauyi.

Wannan ƙauna tana da dalili. Rigakafi ne ya kori agana daga duniya, kuma dattawa sun ga hakan da idonsu. Amma allurar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ta bar tabo a gidaje da yawa na Afirka ta Yamma. Shekara da shekaru ana yi wa yara allurar kinin a ɗuwawu saboda masassarar cizon sauro. Akwai babbar jijiya da ta bi ta nan ta gangara har ƙafa, kuma idan tsinin ya same ta, ko maganin ya taru kusa da ita, yaro na iya warkewa daga zazzaɓi ya tashi yana jan ƙafa har ƙarshen rayuwarsa. Da yawa an ɗora wa shan inna laifin, wasu kuma an ce iskoki ne. Saboda haka ake koya wa ɗaliban jinya a makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram cewa ƙaramin yaro a cinya ake yi masa, babba kuma a can sama ta gefen waje. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita artesunat a kan kinin ga yaran da masassara ta yi wa tsanani. Wanda bai galabaita ba, yana sha yana haɗiyewa, ƙwaya ta ishe shi.

Ga kuma batun sirinji. Ƙiyasin hukumar na 2010 ya nuna cewa allura marar tsabta ta sa wa mutane kusan miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B a shekara guda, wasu 315,000 nau'in C, wasu kimanin 33,800 kuma ƙanjamau. Ciwon hanta ba ya ihu ranar da ya shiga. Sai bayan shekaru ciki ya kumbura, a shiga neman wanda ya yi sammu. Mai tallar magani da ke yawo ranar kasuwa, ko ɗan cin rani da ya dawo daga Abijan ko Libiya da kwalaben allura a jakarsa yana yi wa dangi alheri, babu mai tambayarsu inda tsinin ya kwana jiya. Balle ma a san abin da ke cikin kwalbar, a ƙasar da aka kama jabun rigakafin sanƙarau a 2015, aka sake kamawa a 2019.

Aikin jinya na gaskiya ba shi da armashi a ido. Wanke hannu kafin a taɓa marar lafiya da bayan an taɓa shi. Tambayar suna sau biyu, domin a layin mutum hamsin ba a rasa Hadiza uku. Auna nauyi kafin a yanke adadin magani. Buɗe sabon sirinji a gaban mai shi, a jefa tsohon cikin kwalin da aka tanada. Rubuta abin da aka bayar a katin yaro. Sannan mafi wuya: majo ya gane inda iyawarsa ta tsaya, ya rubuta takarda a wuce da mai jijjiga ko mai naƙuda zuwa Tawa tun da sauran rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin goma na cutuwa a hannun masu yi masa magani, har a ƙasashe masu arziki, kuma kusan rabin wannan ana iya kauce masa da irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Nijar ta taɓa gwada amfanin kusantar da magani ga talaka. Ƙananan gidajen likita na ƙauye da aka gina zamanin Tandja Mamadou, da kyautar magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar daga 2006, suna cikin abin da ya sauko da mutuwar yara daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Sai dai kyautar ta zo da bashi: gwamnati ta riƙa jinkirin biyan cibiyoyin kuɗinsu, kantunan magani suka bushe, uwa ta koma hannun mai talla. Kuma abin dariya ne, in da dariya a ciki, a ce wa ma'aikaci ya wanke hannu a ɗakin da ruwansa a jarka yake zuwa bisa jaki. Ƙaramar hukumar Bambeye da kwamitocin da ke lura da kuɗin cibiyoyin lafiya su fara daga nan: famfo ko tanki, sabulu, safar hannu, sikeli mai aiki, fitilar da ba ta waya ba.

Ma'aikatan ma suna da nasu kason. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar, har da Yamai, ya nuna yadda tsawa da wulaƙanci ke korar marasa lafiya. Majon da ya ce "babu allura" ya juya baya, ya tura yaron kasuwa ne kai tsaye. Da zai ce, "Inna, zauna in nuna miki abin da gwajin ya ce," ya ba yaron ƙwayar farko a gabansa, ya faɗa mata alamomin da in ta gani ta dawo ko da tsakar dare, minti uku kawai zai kashe. A watan Satumba, lokacin da layi ke kaiwa bakin ƙofa, minti ukun ma sai an ƙara masa mataimaki kafin ya same su.