Tsakanin Guardiola da Mourinho: Wa Za Mu Kwaikwaya a Filin Yashi?

Maudu'inmu na wannan mako na ƙwallon ƙafa ne, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska. Ku yi haƙuri ku biyo ni, domin musun da zan taɓo ya daɗe da tashi daga bencin gidajen kallo, ya shiga filayen da ƙannenmu ke buga wasa da yamma.

Duk gidan kallon da ka shiga daga Ajingi zuwa Gaya, da an tafi hutun rabin lokaci musu ɗaya ne ke tashi: wane koci ne ya fi iyawa? Wannan ya ce Guardiola, wancan ya ce Mourinho, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ina aka baro Klopp. Sai a shiga ƙidayar kofuna har a dawo wasa ba a rabu ba. Ni a ganina ƙidayar kofi kaɗai ba ta raba wannan gardama. Kocin da ya iya shi ne wanda kafin ya zaɓi salo yake duba abu uku: 'yan wasan da ke hannunsa, filin da za su taka, da ƙarfin aljihun ƙungiyarsa.

Mu fara da Guardiola. Tunaninsa a taƙaice shi ne, muddin ƙwallo tana ƙafarka abokin hamayya ba zai ci ka ba. Saboda haka wasansa daga mai tsaron raga yake farawa. 'Yan baya su buɗe, ɗan tsakiya ya sauko ya karɓa, kowane ɗan wasa ya tsaya inda mai ƙwallo zai sami aƙalla mutum biyu da zai iya ba wa. Ana ta taɓawa har abokan hamayya su gaji da bi, wani ya bar gurbinsa, sai a soka ta nan. Ranar 2 ga Mayu 2009 ya janye Messi daga gefe ya sa shi a tsakiyar gaba, amma ya ce ya riƙa saukowa. 'Yan bayan Real Madrid suka rasa na yi, su bi shi su bar rami, su ƙyale shi ya juyo da ƙwallo. Aka tashi 6 da 2 a gidan Madrid. A shekara huɗu ya ɗauki kofi 14 da Barcelona, a Manchester City kuma ya haɗa maki 100 a kakar 2017/18.

Abin da ba a cika faɗa ba a gidan kallo shi ne tsadar wannan salo. A Barcelona ya tarar da Xavi da Iniesta da Messi, waɗanda tun suna yara makarantar ƙungiyar ke koya musu wannan wasa. Da ya je City a 2016, cikin abubuwan da ya fara yi har da ajiye Joe Hart, golan Ingila a lokacin, domin ƙafarsa ba ta gamsar da shi ba. Ya sayo Bravo, bai yi masa ba, shekara na zagayowa ya sayo Ederson. Wato idan ɗan wasa bai dace da salon ba, ɗan wasan ake canzawa. Sannan fili shimfiɗe yake kamar darduma, ana ba shi ruwa kafin a fara wasa domin ƙwallo ta riƙa sulɓi.

Mourinho ta ɗaya ƙofar yake shigowa. Shi tambayarsa ta farko ita ce: ta ina waɗannan mutane za su cuce ni? Sai ya toshe nan tukuna. A kakarsa ta farko a Chelsea, 2004/05, ƙwallo 15 kacal aka zura masa a wasa 38. A 2010 yana Inter ya haɗu da Barcelona ta Guardiola a wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai. Ya ci 3 da 1 a gida. A wasa na biyu aka ba Thiago Motta jan kati tun kafin a cika rabin awa, Inter ta koma mutum goma. Samuel Eto'o, ɗan gaban da duniya ta sani da cin ƙwallo, ya koma gefe yana tare gida kamar ɗan baya. Barcelona ta wuni da ƙwallo a ƙafa, ɗaya ta iya ci, Inter ta wuce ta kuma ɗauki kofin. Wannan salo ma yana da nasa farashin, kuma mu 'yan Najeriya mun gan shi a jikin Mikel Obi. A gasar matasa ta duniya ta 2005 Messi kaɗai aka ɗora a gabansa, yana wasa a matsayin mai tsara kai hari. Da ya je Chelsea a 2006, Mourinho ya mayar da shi mai share gaban 'yan baya. Ya ci kofuna da yawa, amma har yau akwai masu jin an rage masa wani abu.

Klopp kuma cewa ya yi lokacin da abokin hamayya ya fi rauni shi ne daidai sanda ya ƙwace ƙwallo, kafin ya ɗaga kai. Don haka da an rasa ƙwallo, mutum uku ko huɗu ke rufar wa wanda ya karɓe ta. Da wannan ya ci gasar Jamus da Dortmund a 2011 da 2012, da shi Liverpool ta rama ci 3 da nema ta doke Barcelona 4 da nema a Mayun 2019, babu Salah babu Firmino. Farashinsa huhu ne da haɗin kai. Mutum ɗaya ya yi ƙiwar gudu, duk tarkon ya kwance.

To, mu dawo gida. A filayen makarantun firamare na Ajingi da Toranke da Balare, ko a Gaya idan ana gasar unguwanni lokacin hutu, yanzu za ka ga yaro mai tsaron raga ya ajiye ƙwallo ya tura wa ɗan bayansa a cikin da'ira, kamar yadda ya gani a talabijin tun bayan da dokar 2019 ta halatta hakan. Koci na bakin layi yana ihun kada a doka sama. Ƙwallo ta taho, ta ci karo da tudun yashi ta tsaya, ko ta daki tsakuwa ta yi tsalle. Ɗan gaban abokan hamayya ya tsinci dami a kala. A tashi wasa a bar yaro ɗan shekara sha biyar da zagi, wani ma daga ranar ya daina zuwa fili. Laifin ba nasa ba ne. An ɗora masa salon da aka gina domin ciyawa mai ruwa da takalmi mai kyau da atisaye na kullum, shi kuwa sau biyu a mako yake samun fitowa, bayan ya dawo daga gona ko kasuwa.

Ko a Turai kwaikwayo ya kayar da manya. Vincent Kompany kyaftin ɗin Guardiola ne a City, a hannunsa ya sha karatun. Ya hau da Burnley gasar Firimiya a 2023 da maki 101, yana wasan taɓawa mai daɗin kallo. Da ya shigo cikin manya ya ƙi sauya salo, alhali 'yan wasansa ba su kai na waɗanda yake karawa da su ba. Ya gama kaka da maki 24, Burnley ta koma inda ta fito. Ka kwatanta shi da Ranieri a Leicester. Ya duba ya ga yana da Vardy mai gudu, da Kanté mai ƙwace, da Mahrez mai yanka, da 'yan baya masu ƙarfi amma marasa sauri. Ya ce su tsaya kusa da gida, su bar wa kowa ƙwallo, in sun ƙwace su jefa wa Vardy. Sau uku kacal aka doke su, suka ɗauki Firimiya a 2016. Haka Conte a Chelsea: bayan Arsenal ta ci shi 3 da nema a Satumban 2016, ya koma 'yan baya uku, ya ɗauko Victor Moses, wanda aka yi shekaru ana bayar da shi aro, ya ba shi gefen dama gaba ɗaya. Suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki kofi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Kano Pillars ta ci gasar Najeriya sau huɗu a hannun masu horarwa uku: Kadiri Ikhana a 2008, Mohammed Babaganaru a 2012 da 2013, sai Okey Emordi a 2014. Mutum uku, kowa da halinsa, amma ginshiƙin bai canza ba. Daga 2003 zuwa 2015 ba a doke Sai Masu Gida a gidansu a wasan gasa ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. A kofuna ukun da aka jera kuma akwai 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed da suka daɗe tare, kowa ya san motsin ɗan'uwansa. Duk wanda ya san gasarmu ya san lissafinta: ka cinye na gida, ka je waje bayan tafiyar yini guda a mota ka ƙwato maki ɗaya. Kocin da ya ce zai je Aba ko Fatakwal ya buɗe gida yana taɓa ƙwallo kamar City, da wuya ya kai ƙarshen kaka a kujerarsa. A 2009 ma, da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofin Afirka a ƙarƙashin Ivo Sajh, ba ta doke ta ko sau ɗaya ba. An yi 1 da 1 a gida, aka yi 2 da 2 a Alƙahira, ƙwallayen waje suka wuce da ita. Sanin yadda ake tsira a gidan wani shi ma ilimi ne.

Na san abin da masoya Guardiola za su ce: idan yara ba su koyi riƙe ƙwallo tun yanzu ba, yaushe za su koya? Doka sama a bi da gudu ai shi ya hana ƙwallonmu ci gaba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a koma wasan doka-ta-gaba ba. Abin da nake cewa shi ne a ɗauki dalilin, a bar hoton. Dalilin Guardiola shi ne mai ƙwallo ya sami wanda zai ba wa. Ana iya koyar da wannan a da'irar mutum biyar da biyu a tsakiya, a gefen filin da ya fi tauri, sannan ranar wasa a ce wa gola ya tsallake yashin gabansa, a fara taɓawa daga tsakiyar fili inda kuskure ba ya zama ci nan take. Daga Klopp a ɗauki rufar wa mai ƙwallo, domin wannan ba ya cin ko sisi, kuma fili marar kyau taimakonsa yake yi tunda abokin hamayya ma ƙwallo na yi masa gardama. Sai dai a yi shi da lissafi, minti goma a matsa, a ja baya a huta, saboda zafin watan Afrilu a nan ba irin na Liverpool ba ne. Daga Mourinho a ɗauki abu ɗaya: kowane yaro ya shiga fili ya san aikinsa idan ƙwallo ba ta hannunsu, ya san wa zai riƙe idan za a bugo kwana.

Mu 'yan kallo ma muna da namu kason. Mu ne ke yi wa kocin unguwa ihu idan ya tare gida, mu ce ba ya wasan zamani, har ya ji kunya ya sa yara abin da zai kayar da su. Mu ne kuma za mu iya zana maka yadda Guardiola ke shigo da ɗan bayan gefe tsakiya, amma idan aka tambaye mu yadda Pillars ta tsaya a wasanta na makon jiya sai mu faɗi sakamako kawai. Da za mu riƙa kallon wasannin gida da idon da muke kallon na Turai, mu lura da wa ya tsaya ina kuma don me, da musunmu ya fi haka amfani, da masu horar da yaranmu ma sun sami abin koyi da ya yi daidai da ƙasar da suke takawa.

Saboda haka idan aka sake tambayata wa ya fi tsakanin Guardiola da Mourinho, zan ce a fara faɗa mini ƙungiyar da za a ba shi da filin da za a buga. In City ce, a ba ni Guardiola. In ƙungiyar unguwarmu ce za ta je Gaya wasan ƙarshe a filin yashi, Ranieri nake so.

Na san akwai 'yan Barcelona da 'yan Chelsea da yawa a zauren nan, kuma ba za su bar ni haka ba. Fili naku ne a ƙasa, sai dai a zo da hujja, a kuma yi musu cikin mutunci. Allah ya kai mu mako na gaba lafiya.

Daga Ajingi, Jihar Kano.